Shatar jirgin ruwa daga Ikorodu: inda muka sauka da inda muka wuce

Shekarata 14 ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma in ban da tsallakawa daga Ikorodu zuwa tashar CMS da ke tsibirin Legas ranar da gosulo ya yi tsanani, ban taɓa shiga jirgin ruwa don ganin gari ba. Kawuna ne sanadi. Ya zo daga Aliero aka cire masa yanar ido, likita ya ce ya zauna wata guda ana duba shi. Mutumin da ya saba sammakon fadama, ka ajiye shi a ɗaki a Ketu yana sauraron ƙarar janareta, ka san ba zai jure ba. Ranar da muka dawo daga asibiti ta kan gadar Third Mainland, doguwar nan mai kilomita 11.8 da Janar Babangida ya buɗe a 1990, bai ce uffan ba har muka sauka. Sai bayan isha'i ya kira ni.

"Ɗana, ruwan nan da muka bi ta kansa, akwai mutane a bayansa?"

Na ce, "Akwai, Kawu. Garuruwa ne ma."

"To tunda Allah Ya mayar min da idona, a kai ni in gan su."

Da likita ya ce ba laifi muddin zai sa baƙin tabarau kuma ruwa ba zai taɓa idon ba, sai na shiga neman jirgi. Na gwamnati, wato LAGFERRY, yana da tsari da sauƙin kuɗi, da katin Cowry ake biya irin wanda ake shiga motocin bas na BRT da shi, amma daga tasha zuwa tasha yake, ba zai dakata don dattijo ya kalli masunta ba. Ƙananan jiragen haya kuwa sai sun cika suke tashi, in sun tashi kuma gudu suke kamar an biyo su. Saura shata. Wani abokina da ke zaune a Sabo ta Ikorodu ya haɗa ni da wani ƙaramin kamfani a Ebute, bakin ruwan Ikorodu, mai jirage 3, kowanne da rumfa da kujerun mutum goma sha wani abu. Sau biyu na ɗauki shatarsu a watan Nuwamba, kuma abin da na gani shi zan faɗa, mai daɗi da marar daɗi.

Na je ofishinsu da takarda a aljihu, na rubuta Makoko, Tarkwa Bay, Epe da Badagry, duk a yini ɗaya. Matar da ke kan tebur ta karɓa, ta danna kalkuleta, ta faɗi kuɗi, ba ta ce min komai ba. Da a nan aka tsaya, da na biya kuɗin wahala. Matuƙin ne, wani dattijo ɗan ƙabilar Ilaje mai furfura a gemu da kowa ke ce wa Baba, ya leƙo takardar ya girgiza kai. Ya tsoma yatsa a ruwa ya zana min taswira a kan benci. Wannan ruwa da ake kira lagun ba teku ba ne, ba kuma kogi ba. Makeken tafki ne da ke kwance a bayan teku, kogin Ogun da wasu koguna suna zuba a cikinsa, shi kuma yana haɗuwa da teku ta mashigar da manyan jirage ke bi zuwa Apapa. Ikorodu tana arewa. Epe tana can ƙarshen gabas. Badagry tana can yamma, dab da Seme, iyakarmu da Benin. Ya ce wanda ya haɗa su a yini ɗaya ruwa kawai zai gani da bayan kujerar gabansa, kuma dare zai yi masa, hukuma kuwa ta hana tafiyar dare.

Sai ya tambaye ni wa zan ɗauka. Na ce dattijo mai shekara 70 da 'yan kai, da uwargida, da yara 2. Ya ce cikinsu wa ya taɓa shiga ruwa? Na ce ni kaɗai. Ya karɓi biro ya soke biyu daga takardar, ya raba biyun da suka rage gida biyu, ya ƙara sunan wani gari da ban taɓa sa shi a lissafi ba, Ijede. Wannan shawara ta minti goma ita ce mafi tsada a duk abin da kamfanin ya ba ni, kuma kyauta na same ta.

Ranar farko sai da muka yi cacar baki kafin a tashi. An kawo rigunan kariya, duk na manya. Autata shekararta 6, da aka sa mata sai ta nutse a ciki, kafaɗar rigar ta kai mata kunne. Yaron jirgi ya ce ba komai, a ɗaure da igiya. Na ce ba mai shiga. Mu mutanen Kebbi ba mu manta da jirgin Warrah ba, wanda ya kife a kogin Neja a watan Mayun 2021 maƙare da mutane, rayuka da dama suka salwanta. Rigar da za ta zame wa yaro ta kai idan ya faɗa ruwa, sunanta kawai riga. Hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwa na Jihar Legas ta wajabta sa rigar ga kowane fasinja, kuma kamfanin ya san da yara zan zo tun ranar da na ba da kafin alƙalami. Minti 40 muka ɓata kafin aka aro ƙanana daga wani jirgi. Baba bai sa baki ba, amma da aka kawo shi ya durƙusa ya ɗaure wa yaran da hannunsa, ya ja ya ga ta kama. An rubuta sunayenmu a takardar fasinjoji, Kawu ya karanta addu'ar shiga jirgi, bismillahi majreha wa mursaha, muka tashi.

Ruwan safe a wannan ɓangare kwance yake kamar tabarma. Baba ya bi gefen gaɓa, bai yanka ta tsakiya ba, don masu tsoro su riƙa ganin ƙasa. Muka wuce masu haƙar yashi, wasu da injina, wasu kuwa nutso suke da bokiti suna cika kwalekwale har ya kusa shan ruwa. Muka wuce shingayen sanduna da masunta ke kafawa a ruwa don tara kifi. Kawu ya ce wannan ai dabarar Sarkawa ce ta wata fuska, ya sa aka rage gudu ya ƙare musu kallo. Uwargida dai ta riƙe ƙarfen kujera da hannu biyu, ba ta saki ba sai Ijede.

A nan na gane dalilin da ya sa Baba ya ƙara wannan gari. Ijede ba ta da wani abin kallo da za a ba da labari. Ƙaramin gari ne a kan tudu, da tashar jirage masu tsallaka ma'aikata zuwa Badore ta wajen Ajah, ga tashar wutar lantarki ta Egbin a maƙwabta, wadda aka gina don ta ba da megawat 1,320, manyan turakunta suna tsaye har cikin ruwa. Amfaninta kusa take. Wanda bai taɓa shiga jirgi ba yana bukatar ƙafarsa ta taka ƙasa da wuri, ya tabbatar ana shiga ana fita. Rabin awa muka yi, yara suka zaga, muka sha shayi wurin wani ɗan Zabarmawa. Da muka koma jirgi uwargida da kanta ta nemi kujerar gefe.

Ejinrin muka wuce ta daga nesa. Baba ya nuna ta da baki, ya ce a zamanin Turawa babbar kasuwar bakin ruwa ce, kamfanoni na da shaguna a can, yanzu ta yi tsit. Na so tsayawa, rana ba ta bari ba.

Epe ita ce garin da zan ce kowane Bahaushen Legas ya fara da ita. Ka shiga ta mota ka ga gunkin kifi a shataletale, wannan daban; ka shigo ta ruwa ka ga kwalekwale sun jeru hanci a gaɓa, mata suna sauke kwanduna, hayaƙin banda na tashi, nan ne za ka gane me ya sa kifi ya zama tambarin garin. Kasuwar Oluwo a bakin ruwa take, kuma mata ne ke riƙe da ita. Akwai tarwaɗa mai rai tana juyi a baho, da karfasa, da giwan ruwa wanda sai mutum biyu sun kama, da jatan lande, da ƙaguwa an ɗaure mata ƙafafu. Ana sayar da naman daji ma a wani gefe, irin wanda ba namu ba ne, sai mutum ya kauce ya wuce. Ni ɗan kasuwa ne, na san farashin baƙo idan na ji shi. Farkon abin da aka faɗa wa uwargida ya ninka gaskiya. Ta juyo ta ce, "Maigida, ku ja Kawu ku tsaya can, in suna ganin manyan riguna ba za su sauko ba." Muka ja baya. Da Yarabancinta na Ketu ta yi ciniki, ta fito da banda cike da kwali da ɗanyen giwan ruwa guda. Kuskurenmu ɗaya, ba mu zo da kula da ƙanƙara ba, kamfanin kuma bai tuna mana ba, alhali kullum nan suke kai mutane. Sai da muka sayi kula a can da tsada.

Abin da ya kwantar wa Kawu hankali shi ne kiran sallah. Epe gari ne na Musulmi da yawa, azahar na yi muka ji ladanai ta ko'ina, ba mu sha wahalar neman masallaci ko ruwan alwala ba. Bayan sallah wani dattijo da ya ga baƙi ya zauna da mu, da ɗan guntun Hausarsa da guntun Yarabancina muka fahimci juna. Shi ya ba Kawu labarin Sarkin Ikko Kosoko, wanda jiragen yaƙin Ingila suka yi wa luguden wuta a Disambar 1851, ya fito ta wannan ruwa da muka biyo da jama'arsa ya sauka a Epe. Zuriyar waɗanda suka biyo shi suna nan, kuma duk shekara a watan Muharram suna bikin Kayo-Kayo don tunawa da saukar. Kawu ya tambayi kakanni nawa ke nan, suka zauna suna ƙirgawa da yatsu kamar sun shekara da sanin juna.

A dawowa kainuwa ta tare mu. Ba irin ƙaramar da muka sani a tafkunan gida ba, wannan mai kauri ce mai shuɗin fure, tana tafiya a dunƙule kamar gona ta tsinke. Sau 3 tana naɗe farfela inji ya mutu. Kowane karo Baba ya ɗaga injin, yaron ya kwanta ya cire da hannu. Ya ce haka take duk ƙarshen damina, koguna ke koro ta saboda ruwan ya yi daɗi, idan rani ya shiga gishirin teku ya hauro sai ta mutu. Wanda zai iya zaɓar lokaci ya bari sai bayan sabuwar shekara. Ban ga laifin kamfani a nan ba, sai ma na ga amfanin tsohon hannu, don ko sau ɗaya muryarsa ba ta canja ba. Kafin magariba muna Ebute.

Bayan mako guda muka yi Badagry, ni da Kawu da babban ɗana mai shekara 12. Da sassafe matar ofis ta tare ni da cewa mai ya tashi, sai na ƙara kuɗi. Mun gama magana, na ba da rabi, ga Kawu tsaye da sandarsa ya yi shiri tun asuba. Na biya, amma raina ya ɓaci, har yanzu kuma ina ganin ba daidai aka yi min ba. A kasuwarmu in ka sallama buhu ka sallama, ko da farashi ya tashi kafin la'asar. Duk wanda zai ɗauki shata a rubuta masa komai a rasit: kuɗin mai, awa nawa za a jira shi a gari, da wanda zai biya kuɗin sauka a kowace tasha. Jimillar abin da na kashe a tafiya biyun ya kai ribar da nake samu a mako mai kyau, don haka ba abin da za a yi wasa da lissafinsa ba ne. In iyali biyu suka haɗa kuɗi, ya fi.

Muka ratsa ƙarƙashin gadar da ta jawo maganar tun farko, Kawu ya ɗaga kai yana ƙirga ginshiƙai har ya gaji. Makoko tana gefe, gidajen katako a kan turaku, hayaƙi ya lulluɓe su. Kamfanin yana da ƙarin kuɗi na shiga lungunan don ɗaukar hoto. Ɗana ya so, Kawu ya hana. Ya ce, "Gidan mutum ba wurin kallo ba ne sai da sallama. Wa muka sani a ciki?" Ba mu san kowa ba. Mutane ne masunta da ke fama da rayuwarsu, an taɓa rushe musu wani ɓangare a 2012, ba su rasa masu leƙe da kyamara ba. Muka ɗaga wa wasu yara hannu, suka ɗaga mana, muka wuce.

Wurin da ya fi ban tsoro a duk tafiyar shi ne tsakanin Marina da Apapa. Nan manyan jiragen kwantena suke, ka ɗaga kai ba ka ga ƙarshensu ba, kuma duk abin da ya gifta sai ya bar igiyar ruwa. Baba ya rage wuta yana tarbar kowace igiya a karkace, jirgin ya hau ya sauka. Na riƙe kafaɗar Kawu, shi kuma ya dafe tabarau. Da muka wuce Tin Can muka shiga rafin Badagry sai komai ya lafa. Ruwa siriri, itatuwa masu saiwoyi a tsaye cikin taɓo, ƙauyuka a ƙarƙashin kwakwa, mata na tuƙa kwalekwale da jarirai a baya. Amma da nisa. Fiye da awa 2 muka yi a zaune, kujerun kuma ba su da laushi, bayan Kawu ya gaya masa. Wanda zai je Badagry kada ya tashi daga Ikorodu kamar mu. Ya hau mota zuwa Apapa ko Mile 2 ya shiga daga can. Wannan Baba ya faɗa min tun farko, ni na ƙi don gudun gosulo.

Badagry ba garin ciniki ba ne kamar Epe, garin tarihi ne, kuma tarihin mai nauyi. Mun leƙa benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, ba mu daɗe ba. Abin da ya ɗauki hankalin Kawu a bakin ruwan shi ne da na gaya masa daga nan Baturen nan Clapperton ya tashi a Disambar 1825 ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma can ya rasu a 1827. Ya ce ashe hanyar da motocin albasa ke yi a kwana biyu, an taɓa yin ta a wata da watanni.

Sai gidan Seriki Williams Abass. Sunan kansa namu ne, Seriki daga sarki. Mutumin an taɓa bautar da shi, ya dawo ya zama mai fataucin bayi, ya zama jagoran Musulmin garin, ya rasu a 1919, kabarinsa na cikin gidan. Ɗakuna 40 aka yi don tsare mutane kafin jirgi ya zo. Mai yi mana jagora ya shigar da mu ɗaya, ɗan ƙuƙut, da wata 'yar taga can sama, ya ce mutum 40 ake cusawa. Ya nuna sarƙoƙi, ya nuna wata tsohuwar laima da ya ce da mutane aka musanya ta. Kawu ya ɗaga sarƙa ɗaya ya ji nauyinta ya ajiye a hankali. Bai yi magana ba.

Daga nan Baba ya tsallaka da mu Gberefu, minti kaɗan ne. Akwai tafiyar ƙafa a cikin yashi daga bakin rafi zuwa bakin teku, hanyar da ake kora bayi, da wata rijiya a tsakiya da aka ce ana shayar da su. Na ce, "Kawu, ku zauna a inuwa, rana ta yi zafi, mu je mu dawo." Ya ce waɗanda aka kora ba a tambaye su ko rana ta yi zafi ba. Ya tafi da ƙafarsa, muna tsayawa yana hutawa, abin da matasa ke yi a minti 20 muka yi a kusan awa. Cikin waɗanda aka kwashe daga wannan gaɓar teku akwai Hausawa, an kai su Bahia ta ƙasar Brazil, har suka shirya tawaye a can a 1807. Da muka fito fili teku ta bayyana, ƙararta ta cika kunne, Kawu ya cire tabarau, abin da likita ya hana. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya gabas ya ɗaga hannu ya yi wa waɗanda suka bi ta nan addu'a, ya sa ɗana ya ce amin. Ni dai ban iya cewa komai ba.

Baba ya ce ƙarfe 3 da rabi za mu juya, kuma bai ƙara mana ko minti ba duk da na roƙa. Daidai ya yi. Hasken ƙarshe muka shiga Ebute da shi.

Tarkwa Bay da ya soke, na taɓa zuwa da abokai daga baya na ga dalili. Bakin teku ne mai kyau wanda sai ta ruwa ake zuwa, igiyarsa ba ta da ƙarfi saboda shingen duwatsun mashigar jirage. Amma ranar hutu kiɗa ne da shigar wanka, wurin matasa ne, ba inda za ka kai kawunka da matarka ba.

Kamfanin dai jiragensa masu tsabta ne, injinansa lafiyayyu, ofishinsa kuwa yana bukatar gyara a kan riƙon magana da kula da yara. Zan koma, amma da sharaɗin Baba ne zai tuƙa. In an ce ba ya nan, zan ɗaga tafiyar.

Kawu ya koma gida a gaban motar da ta sauke mana kaya, da kwalin bandar Epe a kan cinyarsa, ya ƙi a sa shi a baya. Kafin su tashi ya ce in kai wa mai jirgi rabin buhun albasa, in zaɓo masu kyau, in ce daga mutumin Aliero. Ranar Lahadi na kai masa Ebute. Ya buɗe ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya tambayi lafiyar idon. Na ce masa a watan Muharram muna son Epe, mu tsaya Ejinrin a hanya. Ya ce in haka ne ƙarfe 7 za mu tashi, kuma in zo da kula biyu.